Shin Ko Kun San? Alewa Mai Hoton 'Ya'yan Itace, Da Abin Da Ya Fi Ta

Shin ko kun san an taɓa maka wani babban kamfanin abinci a kotu a Amurka saboda sitiroberi? Ƙwarai kuwa! A shekarar 2011 aka yi. Kamfanin General Mills yana sayar da wata alewar yara mai suna Fruit Roll-Ups, ga sunan sitiroberi ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Da aka duba abin da ke ciki, ko ƙwaya ɗaya ta sitiroberi babu! Abin da aka tarar shi ne ruwan wani ɗan itacen daban da aka dafe har ya yi kauri, sai ruwan sukarin masara, sai mai, sai kala. A 2012 aka sasanta, kamfanin ya amince ya daina sa hoton sitiroberi a kwalin alewar da babu sitiroberi a cikinta. Kama da wane ba ta wane!

To ku juya bayan leda. Can gaskiya take. Ƙa'idar rubutun kayan abinci ta ce a jera abubuwan da aka haɗa bisa nauyinsu, mai yawa a farko, ɗan kaɗan a ƙarshe. Don haka abu uku na farko su ne kusan dukkan abin da yaro zai haɗiya. In kuka ga glucose syrup, ko corn syrup, ko dextrose a sahun gaba, duk sukari ne ya sauya suna.

Ga wanda ya fi ruɗar iyaye: fruit juice concentrate. Sunan yana da daɗin ji, ko ba haka ba? Ruwan 'ya'yan itace ne da aka tace, aka ƙone ruwansa, aka bar zaƙin kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa shi a layi ɗaya da sukarin shayi. Haka zuma ma. Eh, har zuma!

Nawa ne sukarin? Ku riƙe wannan lissafi, zai yi muku amfani har abada: giram 4 na sukari shi ne cokalin shayi ɗaya. Shahararriyar alewar nan mai danƙo ta Haribo, mai siffar 'yar dabbar beyar, tana da kimanin giram 46 na sukari a kowane giram 100. Ku raba da huɗu. Cokali 11 da ɗoriya! Kusan rabin nauyin ledar sukari ne zalla.

Shin ko kun san waɗanda ake tallata su da sunan "na 'ya'yan itace" sukan fi wannan ma? A 2015 wata ƙungiya a Birtaniya mai suna Action on Sugar ta tattara irin waɗannan kayan ƙwalama har kala 94 daga kantuna. Kashi 85 cikin 100 nasu sun fi alewar Haribo Starmix yawan sukari, giram da giram. Alewar da kowa ya san alewa ce, ita ce ta zo da sauƙi! Wannan abu yana ci mini rai, domin uwar da ta zaɓi mai hoton inabi ta yi ne don tana son ɗanta da lafiya, kuma sau da yawa ta biya kuɗi fiye da na alewar.

Nawa jiki ke iya ɗauka? A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan sukarin ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincin yini, in ma da hali a dawo da shi kashi 5. Ga babban mutum, kashi 5 ɗin nan kimanin giram 25 ne. Cokali 6 ke nan, daga safe har dare, da na shayi da na koko da na lemon kwalba duka a ciki! Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka kuma ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a ƙara masa sukari ko kaɗan.

Daga ina alewar Haribo ɗin nan ta fito ma? Daga birnin Bon na ƙasar Jamus. Wani mutum mai suna Hans Riegel ya buɗe sana'arsa a 1920 da buhun sukari ɗaya da tukunyar jan ƙarfe. Matarsa Gertrud ce ke kai wa masu saye a kan keke. A 1922 ya ƙera 'yar beyar ta farko. Yau kamfanin yana fitar da fiye da miliyan 100 nasu a kowace rana. A rana ɗaya fa!

Kun san yadda ake ba su siffa? A cikin garin sitacin masara! Ana cika faranti da garin, a danna hatimi ya bar gurbin siffar, a ɗiga narkakkiyar alewa a kowane gurbi, a bar ta ta daskare. Daga nan a kaɗe garin, a sake amfani da shi.

Ga abin da zai sa ku gyara zama. Danƙon alewar farko daga ƙaro aka samo shi. Ƙaro dai namu, na bishiyar dakwara, wanda malamai ke sa wa tawada! Har gobe Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, da kusan kashi 70 cikin 100, sai Chadi da Najeriya su biyo baya, na Najeriya daga dazukan Yobe da Borno da Jigawa. In kuka ga E414 a jikin leda, ƙaro ne. Wataƙila ma daga makwabtanku ya tashi, ya je Turai, ya dawo a cikin leda mai walƙiya.

Amma yawancin na yanzu da jelatin ake yi. Mene ne jelatin? Abin da ake samu in an dafa fata da ƙashin dabba, irin kaurin nan da romon ƙafar saniya ke yi in ya kwana. Kaso mafi girma na jelatin ɗin duniya kuwa daga fatar alade yake fitowa. Shi ya sa Haribo ke da masana'anta a Turkiyya wadda ke amfani da na saniya don Musulmi. Ledar kala ɗaya, suna ɗaya, amma abin ciki ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ku duba tambarin halal da ƙasar da aka yi ta kafin ku miƙa kuɗi.

Ƙyallin jikinta fa? Kakin zuma ne da wani kaki mai suna karnauba, wanda ake karkaɗowa daga ganyen wata bishiya dangin giginya a Birazil. Irinsa ake sa wa man goge mota da man goge takalmi. Ba ya cutarwa, amma ba ku yi mamaki ba?

Jan launi kuma yana da nasa labarin. Wanda ake rubutawa E120 daga jikin wani ɗan mitsitsin ƙwaro ake samo shi, mai rayuwa a kan wani tsiro mai ƙaya, galibi a ƙasar Peru. Sai an tara kimanin ƙwaro 70,000 kafin a samu abin da bai kai rabin kilo ba! Sauran launukan kuwa na masana'anta ne. Bayan wani bincike na Jami'ar Southampton a 2007, Tarayyar Turai ta tilasta daga 2010 a riƙa rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da wasu launuka shida, cikinsu har da E102 da E110 da E129, cewa suna iya shafar natsuwar yara. A Janairun 2025 Amurka ta soke izinin wani jan launin da ake kira Red 3 a cikin abinci.

Yanzu mu leƙa baki. Shin ko kun san farin rufin haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam? Ya fi ƙashi! Amma tsami yana narkar da shi. Da zarar sukari ya shiga baki, ƙwayoyin bakteriya su far masa, cikin 'yan mintoci su mai da shi ruwan tsami. Yawu yana buƙatar rabin awa zuwa awa guda kafin ya gyara wurin. Alewa mai danƙo kuwa maƙalewa take a ramukan turame, ta ƙi fita. Yaron da ke jefa ɗaya-ɗaya daga hantsi zuwa la'asar bai bar wa yawunsa sararin aiki ba ko sau ɗaya.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce yara miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar haƙoran nono. Miliyan ɗari biyar da sha huɗu! A Ingila, ruɓewar haƙori ce kan gaba cikin dalilan kwantar da yara 'yan shekara 5 zuwa 9 a asibiti.

Wani zai ce a sayi marar sukari mana. A yi hattara! Da yawa daga cikinsu da wani sinadari mai suna maltitol ake zaƙaƙa su, wanda hanji ba ya iya tsotse shi duka. In an ci da yawa, sai kumburin ciki da gudawa. Gargaɗin yana nan a jikin ledar da ƙananan haruffa.

To me ya fi? An auna! A 2024 masu bincike a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst suka bi ta kan kayan ƙwalamar 'ya'yan itace kusan 1,500 da ake sayarwa a Amurka. Wa ya zo na ɗaya wajen amfani ga jiki? Busassun 'ya'yan itace, waɗanda ba a yi musu komai ba sai shanya. Wa ya zo na ƙarshe? Mai danƙon nan.

Sirrin yana cikin zare-zare da dusar da ke jikin ɗan itace, abin da likitoci ke kira faiba. Ita ke riƙe zaƙin, ta sa ya shiga jini sannu a hankali, ta kuma cika ciki. Tun a 1977 aka gwada a birnin Bristol: aka ba mutane tuffa ɗungurungum, aka ba su markaɗaɗɗiya, aka ba su tataccen ruwanta, sukarin duk daidai yake. Ruwan ya shige ciki da saurin da ya ninka na tauna tuffar sau 11! Kuma waɗanda suka sha ruwan su suka fi saurin jin yunwa. Wani babban bincike na Jami'ar Harvard da aka wallafa a 2013, wanda ya bi rayuwar mutum fiye da 180,000, ya gano masu cin ɗan itace sukutum, musamman inabi da tuffa, ba su cika kamuwa da ciwon sukari ba kamar masu yawan shan tataccen ruwansa. Tauna ta fi kurɓa ke nan.

Ku zo mu shiga kasuwa. Kankana! Kashi 92 cikin 100 ruwa ce. Sukarinta giram 6 kacal a giram 100. Ku tuna alewar can tana da 46. Yaro sai ya cinye kusan kashi uku cikin huɗu na kilo guda na kankana kafin ya kamo sukarin leda ɗaya mai giram 100. Ina cikin da zai ɗauka? Kuma ko kun san 'yar Afirka ce? Wani binciken ƙwayoyin halitta na 2021 ya nuna 'yar uwarta mafi kusa wata guna ce mai farin ciki da ke fitowa a yankin Kordofan na Sudan.

Gwaiba kuma sarauniya ce da ba a naɗa ba. Giram 100 nata yana ɗauke da kimanin miligiram 228 na bitamin C. Lemon zaƙi yana da 53. Ta ninka shi sau huɗu! Gwaiba ɗaya matsakaiciya ta wuce abin da yaro ke buƙata na yini guda. Ga faiba fiye da giram 5, ga sukari giram 9 kawai. Wasu kamfanonin alewa suna barbaɗa bitamin C don su rubuta shi da manyan haruffa. Gwaiba da nata ta zo duniya.

Gwanda ma ta ɗan ɗara lemu a bitamin C, sukarinta wajen giram 8. A yanka ta ƙanana, a matsa lemon tsami, a sa a firij. Ayabar da ta nuna sosai kuwa kada a zubar! A yayyanka ta, a daskarar a firiza, a markaɗa. Takan fito lugub-lugub mai sanyi, ba a sa mata madara ko sukari ba, yara kuma sai sun nemi ƙari.

In danƙon ne yaro ke so, ga agwaluma. Kun manta? A tsotse tsamin, a ci gaba da tauna naman jikin ɓawon, jim kaɗan ya rikiɗe ya zama cingam a baki. Bishiya ce ta yi shi, ba inji ba!

Yanzu ga wadda na fi ƙauna, kuka. Shin ko kun san 'ya'yan kuka a kan bishiya suke bushewa da kansu? Ba su ruɓewa su faɗo kamar sauran 'ya'yan itace. Suna rataye watanni a cikin ƙoƙonsu har farin garin cikin ya bushe ƙayau. A fasa kawai a tsotsa. Bitamin C ɗinsa yakan ninka na lemu sau huɗu, sau biyar, wani lokaci fiye, gwargwadon bishiyar. Kusan rabin nauyin garin faiba ne. Ga sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi. Ga ɗan tsamin nan da ke sa yaro ya runtse ido ya sake miƙo hannu, irin tsamin da masu alewa ke kwaikwaya da sinadari.

Turawa sai a 2008 suka ba da izinin sayar da garin 'ya'yan kuka a Tarayyar Turai, a matsayin sabon abinci. Sabo! Amurka ta biyo baya a 2009. Yau ana ƙulla shi a 'yan ƙananan leda masu tsada a kantunan masu kula da lafiya na Landan. Furen kuka kuwa da dare yake buɗewa, jemagu ne ke yi masa barbara. Wata kuka da aka auna shekarunta a Zimbabuwe ta haura shekara 2,400.

Magarya fa? 'Yar uwarta ta ƙasar Sin ana noma ta ne da miliyoyin tan a shekara, a busar, a sayar a duniya a matsayin abin marmari. Tamu tana nan a faifan 'yan talla a bakin makaranta, da ita da kurna. Kanya kuwa dangi ɗaya suke da bishiyar da ke ba da baƙin katakon nan mai tsada na eboni. Ga ɗinya, ga taura, ga aduwa, ga gawasa, ga tsada, ga tsamiyar biri, ga garin ɗorawa mai launin rawaya da zaƙinsa na halitta. Kowanne da lokacinsa, kowanne da ɗanɗanonsa. Yara da yawa a birane yau ba za su iya bambance kanya da kurna ba, kuma wannan asara ce da ya kamata ta dame mu.

Goruba! Kun san har Fir'auna ya yi guzurinta? A 2007 masu binciken kayan tarihi suka sanar da samun kwanduna takwas cike da goruba a cikin kabarin Tutankamun na Masar. Shekararsu fiye da 3,000, kuma ana gane su sarai. Goruba ɗaya takan ɗauki yaro lokaci mai tsawo yana gwagwiya, ba kamar ledar alewa da ke ƙarewa kafin a rufe ƙofar kanti ba.

Aya ma tsohuwar 'yar Masar ce. A bangon kabarin wani waziri mai suna Rekmire, wanda ya rayu ƙarni 15 kafin haihuwar Annabi Isa, an zana ma'aikata suna haɗa wainar aya da zuma. Aya ba 'yar bishiya ba ce, saiwa ce da ke girma a ƙarƙashin ƙasa. A birnin Balensiya na Sifen suna yin kunun aya da suke ji da shi ƙwarai, suna kiransa orcata, kuma abin da suke nomawa ba ya isar su, sai sun sayo daga Afirka ta Yamma, har da Nijar, inda jihar Maraɗi ta yi fice a nomanta. Busasshiyar aya tana da zaƙi, tana da faiba mai yawa, tana kuma ba muƙamuƙi aiki.

Sai dabino. A nan sai an yi gaskiya. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin dabino sukari ne, ya ma fi alewar! Babban dabino ɗaya irin Majdul yana da kimanin giram 16, cokali 4 cif. Bambancin shi ne yana zuwa da faiba wajen giram 7 a giram 100, da sinadarin fotasiyam da ya fi na ayaba yawa in aka auna nauyi da nauyi. Don haka biyu ko uku sun wadatar. A cire ƙwallon, a cusa gyaɗa a gurbinsa, ko a daka shi da gyaɗa da riɗi a mulmula. Man gyaɗar da furotin ɗinta suna sa yaro ya daɗe bai ji yunwa ba.

Ko kun san ƙwallon dabino yana iya barcin shekara 2,000 ya farka? An tono wasu a tsohuwar ganuwar Masada kusa da Tekun Gishiri, aka shuka ɗaya a 2005, ya tsiro! A gida kuma, akwai tashar binciken dabino a Dutse ta jihar Jigawa, ga kuma wanda ke gangarowa daga dausayin Kawar da tsaunukan Ayar na Nijar.

Duk busasshen ɗan itace haka lissafinsa yake: ruwa ya tafi, zaƙi ya taru. Sai an shanya kilo 4 na inabi ake samun kilo 1 na zabibi. Ɗanyen mangwaro yana da sukari giram 14 a giram 100, busasshe kuwa yakan haura 60. Shi ya sa hukumar lafiya ta Birtaniya ta ce giram 30 ne rabon mutum, wato cikin babban cokali ɗaya da tozo na zabibi, kuma a ci shi tare da abinci domin shi ma yana maƙale wa haƙori. A bi shi da kurɓin ruwa. In na kanti ne, a duba kada a ce an sake jiƙa shi a ruwan sukari, domin da yawa haka ake musu.

Burkina Faso ta mai da wannan sana'a. A yankunan Bobo-Julaso da Banfora da Orodara, mata dubbai ne ke fere mangwaro suna busarwa ana lodinsa zuwa Turai. Fiye da kilo 10 na ɗanye ke ba da kilo ɗaya na busasshe. Mu kuwa duk bazara mangwaro tsibi-tsibi yake ruɓewa a kasuwanni da gindin bishiya, a daidai lokacin da rana ta fi kowane lokaci zafi da bushewa!

Ga wani abin mamakin. Ita kanta Fruit Roll-Ups, alewar da ake naɗewa ta Amurka, wadda ta shiga kantuna a 1983, tana da kaka a ƙasar Sham. Sunanta Ƙamaruddin. Ana markaɗa wani ɗan itace mai suna mishmish, a shimfiɗa a kan alluna, rana ta busar da shi ya zama falle-falle. Yankin Guɗa da ke gefen Dimashƙa ya shahara da shi, kuma da azumi ana jiƙa shi a sha a buɗa baki daga Siriya har Masar. Wani iyali 'yan asalin Sham da ke unguwar Brooklyn a New York ne suka fara yin irinsa don kasuwar Amurka. Indiyawa ma suna da nasu na mangwaro.

Kuna iya yin naku gobe! A samu mangwaro nunanne, a markaɗa naman, a matsa ɗan lemon tsami don kada ya yi duhu. A shafa ɗan mai a faranti, a zuba, a baje shi siriri. A rufe da yadi mai raga saboda ƙuda da ƙura, a ɗora a rana mai ƙarfi kwana biyu zuwa uku, ana shigar da shi ɗaki da yamma. In ya daina manne wa yatsa, a ɓamɓare, a yanka, a naɗe kamar tabarma. Yana da danƙo, yana da zaƙi, yana da launi. Abin da ke ciki biyu ne tak, kuma kun san su duka.

Masu ƙananan yara, ku tsaya nan kaɗan. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Yaron da bai kai shekara biyar ba, kada a ba shi gyaɗa ko aya ko magarya ƙwaya-ƙwaya, suna iya shaƙe shi. A daka, ko a markaɗa. Inabi a tsaga shi a tsaye gida huɗu. Ita ma alewa mai danƙo tana cikin abubuwan da ke toshe maƙogwaron yara, har Tarayyar Turai ta hana sayar da wasu 'yan ƙananan kofunan jeli masu tauri saboda haka.

In kuma yaro ya kafe sai mai rawa da sheƙi, to a yi masa da zoɓo! Akwai wani farin gari mai suna aga, daga ciyawar teku ake samo shi, ba dabba a ciki sam, kuma akan same shi a shagunan kayan kek na manyan birane. Japanawa suna amfani da shi tun ƙarni na 17. A dafa zoɓo da 'yan ƙwayoyin dabino don zaƙi, a tace. Kowane kofi ɗaya a sa masa cokalin shayi ɗaya na garin, a ɗan ƙara kaɗan saboda tsamin zoɓo, a tafasa minti biyu zuwa uku ana juyawa, a zuba a faranti. Ja wur, kuma jan na zoɓo ne.

Kun san abin burgewa game da aga? Ba ya buƙatar firij kafin ya daskare. Da ya huce zuwa wajen digiri 40 ya fara kamawa, kuma ba zai sake narkewa ba sai zafi ya kai wajen 85. Jelatin kuwa tun a wajen 35 yake sakin jiki, shi ya sa yake narkewa a kan harshe, shi ya sa kuma ba ya jure zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato. Wannan juriya ce ta sa wata mata mai suna Fanny Hesse ta ba masu bincike a ɗakin gwajin Robert Koch shawara a farkon shekarun 1880 su riƙa rainon ƙwayoyin cuta a kansa. A kicin ta san shi. Har yau da shi ake aiki a ɗakunan gwaje-gwajen asibitocin duniya!

Wanda ya zaɓi jelatin na halal kuma, ga gargaɗi mai ban mamaki: kada ya kuskura ya sa ɗanyar abarba ko ɗanyar gwanda. Ko ya kwana a firij ba zai daskare ba! Suna ɗauke da wasu sinadarai masu yayyanka furotin, irin waɗanda ke sa nama ya yi laushi in an naɗe shi a ganyen gwanda. Jelatin kuwa furotin ne, don haka abarba cinye shi take yi. Ita ce ma ke sa harshe ya yi zogi in an ci abarba da yawa. A tafasa ta minti biyar tukuna, zafi ya kashe sinadarin, sannan a zuba.